Na biya kuɗin koyon alkafura da faramoto, aka ce in kulle injin a ɗaki

Ranar da na isa Oludeniz, wani gari a bakin teku a Turkiyya, da injina a bayan mota, na kwance shi na naɗe a bargo kamar jariri, abin da malamin makarantar ya fara ce mini bayan gaisuwa shi ne: "Abi, kai wannan ɗakinka ka kulle. Sai ranar ƙarshe za mu waiwaye shi." Abi da Turkanci yaya ke nan, haka suke kiran namijin da suke ganin girmansa. Ni kam a lokacin ban ji wani girma ba. Na kwana ina tuƙi daga Istanbul, na biya kuɗina da Yuro, tallarsu ta ce kwas ne na kwana biyar don masu tashi da faramoto da ke son koyon alkafura a sama, sannan a ce mini injin ya zauna a ɗaki? Raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba.

Ga wanda bai san abin ba: faramoto laima ce mai faɗi irin ta masu shawagi daga kan dutse, sai dai kana goye da inji mai farfela a bayanka, don haka ba ka bukatar dutse, fili ya ishe ka. Nawa injin Vittorazi Moster 185 ne, ƙirar Italiya, kuma fetur ɗinsa sai an gauraya shi da baƙin mai, kamar ƙaramin janaretan da masu aski ke tayarwa a ƙofar shago. Da mai a tanki yana kusan kilo 30. Ni ɗan Kano ne, ina harkar kago a unguwar Laleli ta Istanbul. Laima kuwa a Gana na fara hawanta, wata shekara da na je wajen kawuna a Kumasi ya kai ni bikin shawagi na Kwahu, wanda ake yi lokacin Ista tun 2005. Wani Bature ya ɗaure ni a gabansa muka faɗo daga dutsen Odweanoma muka sauka a filin ƙwallon Nkawkaw. Tun daga nan abin ya shiga raina.

Shekara uku ina tashi lafiya lau a gonakin bayan gari, sai karambani ya kama ni. Na yi ta kallon bidiyon masu lilo da laima a YouTube, wanda suke kira winoba, inda mutum ke kaɗawa dama da hagu har ya zamana laimar tana ƙasa da shi, shi yana sama. Wata Asabar na gwada, ban kai mita 100 daga ƙasa ba. A kaɗawa ta uku igiyoyin gefe ɗaya suka saki, bakin laimar ya naɗe ya rufto, na ga gonar alkama tana taho mini. Allah ya sa ta buɗe da kanta. Da na sauka gwiwoyina sun ƙi ɗaukata. Da daddare na ba maiɗakina labari, ta daɗe tana kallona sannan ta ce, "Baban Hanif, ko dai ka je inda za a koya maka, ko ka sayar da wannan janareta." Shi ya sa na nemi makaranta.

Wurin dai babu na biyunsa, wannan ba sai makaranta ta yi alfahari da shi ba, Allah ne ya yi. Dutsen Babadag tsayinsa mita 1,969, kuma ƙafarsa a cikin teku take. Muna tashi daga dandalin da ke mita 1,700, kafin ka kai saman ruwa kana da sama da mita dubu a ƙarƙashinka. Wannan tazarar ita ce jarin kwas ɗin gaba ɗaya. Kana sanye da rigar ceto, a ƙasa akwai jirgin ruwa mai inji yana jiranka, malami yana bakin gaɓa da oba-oba yana magana a kunnenka, wani kuma yana ɗaukar bidiyo. Irin wannan horo sunansa SIV, taƙaitaccen suna ne daga Faransanci, ma'anarsa kwaikwayon matsala a sama. Wato da hannunka za ka ɓata laimar, ka gyara ta, har jikinka ya daina firgita.

Daren farko na tsare malamin na ce, "Hoja, ni da inji nake tashi. Me zan tsinta a koyo babu inji?" Hoja shi ne malam a wajensu. Bai yi mini dogon bayani ba. Ya ce in ɗaga injina in goya, in ɗaure ɗamarun duka, sannan in yi tunanin na faɗa ruwa igiyoyi sun rufe ni. Nauyin yana bayanka, tanki da kujera suna son tasowa, fuskarka ce ke komawa ƙasa. Ya ce nutsewa tana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu faramoto, har a ruwan da bai kai a kira shi zurfi ba. Na biyu, idan laima ta juya da kai, injin yakan ƙi bin ta da sauri, sai maɗaurin igiyoyi su murɗe a gabanka kamar igiyar guga, birki, wato igiyoyin dama da hagu da kake ja da hannu don juya laima da rage mata gudu, ya maƙale, ga farfela tana jiran ta tauna duk zaren da ya kusance ta. "Ka fara sanin halin laimar ita kaɗai," in ji shi, "sannan mu ƙara mata kishiya." Kalmar kishiya tawa ce, shi matsala ya ce, amma ma'anar ke nan. Ban ce komai ba, don na tuna gonar alkama.

Kwana biyun farko naɗe laima muka yi ta yi. Ka kama igiyoyin gaba na gefe ɗaya ka fizgo, rabin laimar ya mutu, kai kuma ka jingina jikinka ɗaya gefen ka riƙe hanya da birki kaɗan. Sai na gaba duka. Sai a sake yi kana cikin gudu, inda abin ke zuwa da fushi. Kalmar da na fi ji a kunnena ita ce "hannu sama", domin yawancin ɓarnar da ɗalibi ke yi ta jan birki ce lokacin da ya kamata ya sakar wa laima ta numfasa. Da yamma a zauna a kalli bidiyon kowa a hankali. Wannan zaman shi ne mafi daraja a kwas ɗin. Na rantse na ɗaga hannu, bidiyo ya nuna hannuna yana daidai ƙuguna kamar mai jan akuya.

Rana ta uku aka shiga hajijiya, wato ka tsunduma kan laima ƙasa kuna juyawa kamar katantanwa. Na'urata ta nuna ina faɗowa mita 15 a daƙiƙa ɗaya. Jiki yana yin nauyi ninki uku ko fiye, kumatu su zazzago, jini ya gudu daga kai zuwa ƙafa. An gaya mana tun a ƙasa mu ɗaure ciki da cinyoyi, kuma da zarar gani ya fara tsukewa kamar mai leƙe ta bututu, a fita. Wanda ya suma a hajijiya, wata laimar ba ta fita da kanta, haka za ta yi ta juyi da shi har ruwa. Fitar ma ba a yin ta da gaggawa. Ka saki birkin ciki, wato na gefen da kake juyawa, a hankali ka bar ƙarfin ya zube a zagaye ɗaya ko biyu. In ka saki gaba ɗaya, laimar za ta cilla ka sama, sannan ta zabura gaba, sai ka tare ta da birki a daidai lokacin.

A nan ne makarantar ta yi mini laifin da har yau ban yafe ba. A hajijiyata ta biyu oba-oba ya mutu. Ina juyawa, ina jiran muryar da za ta ce fita, shiru. Na fita da kaina, da kyar, na kutsa cikin iskar da laimata ta dama, ta ba ni wani mari a gefe. Da na sauka aka duba, batirin da suka ba ni ne ya ƙare. An ba ni haƙuri, an ce ai tun farko an faɗa mana in ka daina jin murya ka daina abin da kake yi, kuma gaskiya an faɗa. Amma mai karɓar kuɗin mutane don ya tsare rayukansu bai kamata a kama shi da mataccen batir ba.

Lilon da ya kawo ni sai a rana ta huɗu, kuma a nan na gane abin da ya kusa kashe ni. Ashe ba ƙarfi ake sawa ba, lokaci ake kamawa, kamar lilon da muke ɗaurawa a reshen darbejiya muna yara: in ka tura kafin lokaci ko bayansa, lilon lalacewa yake yi. Za ka fara da jingina jiki, sannan ka ja birkin ciki daidai sa'ad da kake wucewa ta ƙarƙashin laimar, inda igiyoyi suka fi ɗaurewa. Da ka hau sama kuma, dole ka riƙe birkin waje don bakin laimar ya ci gaba da shan iska. Wannan birkin na waje shi ne ban sani ba. A bidiyon intanet ba ka ganinsa, domin idonka yana kan laimar, hannun mutumin kuma ɗan ƙaramin motsi yake yi. Malamin bai bar ni na haura ba sai da ƙananan suka daidaita. Yana ƙirga mini a kunne, "Jira, jira, jira, yanzu!" Wajen tashi na uku sai na ji abin ya shiga jikina, na riga muryarsa da kaina. Na duba gefe na ga laimata shuɗiya tana tsakanina da teku, igiyoyi a miƙe kamar tsirkiyar garaya. Na yi kabbara da ƙarfi, ashe maɓallin oba-oba a danne yake, duk bakin gaɓa sun ji.

Na roƙe shi ya nuna mini SAT, salon da wani ɗan Sifaniya, Raul Rodriguez, ya ƙirƙiro a 1999, inda laima ke juyawa gaba kai kana juyawa da baya. Ya ƙi. Ya ce wanda bai ƙware a durƙusar da laima gaba ɗaya ya sake tayar da ita ba, ba shi da mafita in SAT ta ɓaci, ni kuwa sau biyu kacal na yi wannan, na biyun ma da addu'a aka fita. Na ji haushi, amma malamin da ke iya cewa a'a ga mai kuɗi a hannu, na fi yarda da shi.

Ranar injin ita ce ta ba ni kunya a madadinsu. Aka kwashe mu zuwa wani fili a bakin teku, aka ɗaura wa kowane inji balan-balan ɗin da ke kumbura da kanta in ta taɓa ruwa, wannan ya yi kyau. Amma kafin a gama shiri iska ta tashi, tashi ɗaya na samu, minti ashirin da 'yan kai. Cikinsa na koyi abu biyu masu amfani: a mayar da madaidaitan gudu, wato ɗamarun da ke ƙara wa laima gudu ko rage shi, wurin da laima ke tafiya a hankali kafin a fara lilo, kuma a sassauta totur, domin murɗawar farfela tana sa gefe ɗaya ya fi ɗaya saurin hawa, sai lilon ya karkace. Sai dai tashi ɗaya ba ya isa a rubuta faramoto da manyan haruffa a talla. Kamata ya yi su kira shi da sunansa, SIV mai ɗan ƙarin inji, ko su ajiye rana ta shida saboda iska.

Sauran ƙorafin ƙanana ne amma suna taruwa. An ce mu shida ne, muka tarar mu tara, don haka wata rana tashi biyu kawai ake samu. Kuɗin hawa dutse da na shiga ba sa cikin abin da ka biya, kullum sai ka sake zaro walat. Wanda laimar cetonsa, wato ta ko-ta-kwana da ake jefawa in babbar ta ƙi, ta jiƙe da ruwan gishiri, wankewa da sake naɗewa a aljihunsa. Abinci kuwa ba matsala ga Musulmi, kuma ayran ɗinsu, kindirmo ne aka tsinka aka sa gishiri, shi ya riƙa kwantar mini da ciki bayan hajijiya. Kada dai ka cika tumbi kafin tashi. Wani ɗan Jamus a cikinmu ya gwada, masu jirgin ruwa ne suka ba da labari.

Wanda ya riga ya yi awanni masu yawa a sama, yana tashi yana sauka ba tare da tunani ba, kuma hannunsa ya fara ƙaiƙayin lilo, ya je, kuɗinsa ba za su tafi a banza ba. Sabon shiga ya dakata. Kafin ka biya, ka tambaye su ɗalibai nawa ne, tashi nawa suka lamunce, me zai faru in iska ta hana, kuma ka sayi batirinka ka riƙe a aljihu. Ka guji makon bikin wasannin sama da suke yi a watan Oktoba, sararin cika yake yi kamar Kantin Kwari ana jibi Salla. Injin kuma ka bar shi a gida, ka huta da tuƙin dare, jirgi yana sauka a Dalaman, ba nisa da wurin.

Yanzu ina yin lilona a mita 600, ƙanana, injin yana kwance a silo, kuma ba na yi in na kwana ban yi barci ba. Maiɗakina ta ce ba za ta yarda na iya ba sai ta gani da idonta. Bidiyon rana ta huɗu kuwa, wanda kabbarar ke ciki, sun ce za su turo mini cikin mako guda. Wata na uku ke nan, na aika musu saƙo sau huɗu.