Taliyar soba da riɗi, ga yadda na same ta

Jama'a yau dai na gwada taliyar nan ta Japan da ake ce wa soba, Yayata ce ta taho min da leda biyu daga Abuja don na zagaya shagunan Bauchi ban gani ba. Kalarta ruwan toka ce, siririya, garin wani hatsi ne da ake kira bokwit suke yinta da shi, wani lokacin a haɗa da alkama, ɗanɗanonta kamar na gyaɗa-gyaɗa haka.

Na dawo aiki bayan Magariba a gajiye, na ɗora ruwa a gas, minti 5 kacal ta dahu, amma fa sai kin tace ta kin wanke da ruwan sanyi sosai in ba haka ba ta manne ta zama kamar tuwo, ledar farko haka ta min wallahi. Riɗin kuwa namu ne na kasuwar Wunti, na soya shi sama-sama har ya fara ƙamshi, na daka rabi, na zuba man riɗi, soya sos (wani baƙin ruwan ɗanɗano mai gishiri da ake yi da waken suya), tafarnuwa, citta da ɗan zuma. Su can ba sa sa attarugu amma ni ina, sai da na jefa biyu.

Maigida ya ce ba ta kai Indomie daɗi ba, yara kuma sun cinye har suna neman ƙari. Abin da ya dame ni tsada, kuma leda ɗaya ba ta ishe mu huɗu ba sai da na ƙara dafaffen ƙwai.