Tallafin biyan kuɗin Medicare a Amurka: wanne ya dace da dattijon gidanku?

Mutanenmu da dama da suka ɗauko iyayensu zuwa Amurka suna zaton da zarar tsoho ya cika shekara 65 ya samu katin Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi, shi ke nan magani ya zama kyauta. Ba haka abin yake ba. A shekarar 2025, sashen B na Medicare, wanda ke ɗaukar ganin likita da gwaje-gwaje, dala 185 aka riƙa cira duk wata, yawanci kai tsaye daga kuɗin fansho na Social Security. Bayan wannan mutum zai biya kuɗin farko na shekara daga aljihunsa, dala 257 a 2025, sannan kashi 20 cikin 100 na yawancin ayyuka. In aka kwantar da shi a asibiti, sashen A na neman wani kuɗi kafin ya fara biya, dala 1,676 a 2025. Ga dattijuwar da ke rayuwa da dala 1,200 a wata, wannan kuɗin cefane ne da na haya.

Akwai tallafi, amma kala-kala ne, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Gwamnatin tarayya ce ta shimfiɗa dokar, ofishin Medicaid na kowace jiha, wato shirin lafiya na gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, shi ke karɓar takardu.

Mafi ƙarfi shi ne QMB, kuma shi nake ba kowa shawara ya fara nema. Yana biyan kuɗin wata-wata na sashen B, ya ɗauke kuɗin farkon shekara, ya ɗauke kason nan na 20 cikin 100. Dokar tarayya ta hana likita ko asibitin da ke karɓar Medicare ya turo wa mai QMB takardar neman cikon kuɗi. Duk da haka wasu suna turowa, tsofaffi kuma sukan biya don gudun abin kunya ko tsoron masu karɓar bashi. Kada a biya. A nuna katin Medicaid ko na QMB, a ce musu mai QMB ne, in sun nace a kira layin 1-800-MEDICARE. Ma'aunin tarayya a 2025 shi ne samun da bai wuce dala 1,325 a wata ba ga mutum ɗaya, ko 1,783 ga mata da miji.

Wani abu game da QMB ya fi shafar iyayen da suka zo da girmansu. Sashen A kyauta ne kawai ga wanda ya yi aikin shekara 10 yana biyan haraji a Amurka, ko wanda mijinta ko matarsa suka yi. Tsohon da bai yi ba, in yana da katin zama na dindindin kuma ya shekara 5 a jere a ƙasar, yana iya sayen Medicare, sai dai sashen A kaɗai ya kai dala 518 a wata a 2025. QMB na iya ɗaukar wannan ma. Iyalai da yawa sun haƙura da Medicare ɗungurungum saboda tsadar nan, alhali akwai mai biya.

Wanda samunsa ya ɗan haura sai ya duba SLMB, har zuwa dala 1,585 a wata ga mutum ɗaya a 2025, ko QI, har zuwa 1,781. Su biyun kuɗin wata-wata na sashen B kawai suke biya, sauran na wuyanka. Ba abin rainawa ba ne, dala 2,220 ce ta dawo cikin fansho a shekarar 2025. Suna ma da wata fa'ida da QMB ba shi da ita: ana iya mayar maka da kuɗin har wata 3 da suka wuce, shi kuwa QMB daga watan da ya biyo bayan amincewa yake fara aiki, don haka jinkirin cike takarda asara ce. QI sai an sabunta duk shekara, kuɗinsa ƙayyadadde ne, wanda ya riga shi ke samu, kuma ba a haɗa shi da cikakken Medicaid. Na huɗun, QDWI, na masu buƙata ta musamman ne 'yan ƙasa da shekara 65 da suka koma bakin aiki suka rasa sashen A na kyauta. Mutane ƙalilan ya shafa.

Batun dukiya shi ke sa mutane ja da baya tun kafin su gwada. Iyakar tarayya a 2025 ita ce dala 9,660 ga mutum ɗaya da 14,470 ga ma'aurata, amma ba a lissafa gidan da ake zaune a ciki, da mota ɗaya, da kayan ɗaki. Fili ko gidan da aka bari a Kano ko Kumasi yana iya shiga lissafi, kuma gara a faɗi gaskiya a takarda. Sai dai jihohi sun bambanta ƙwarai. New York, inda Hausawa ke da yawa a Bronx, ba ta duba dukiya ko kaɗan a waɗannan shirye-shirye, kuma tun 2023 ta ɗaga ma'aunin samu sosai, ta soke SLMB ta shigar da mutanensa cikin QMB. Wanda aka ƙi a wata jiha yana iya dacewa a wata. Masu tsoron kada gwamnati ta ƙwace gida bayan rasuwa su kwantar da hankali: tun 2010 ba a bin magada bashin abin da waɗannan shirye-shirye suka biya. Cikakken Medicaid, musamman na zaman gidan jinya, dokarsa daban ce, a tambaya da kyau kafin a sa hannu.

Magani kuwa nasa tallafin daban, sunansa Extra Help, hukumar Social Security ke karɓar takardarsa. Duk wanda ya samu QMB, SLMB ko QI ana saka shi kai tsaye. A 2025 abin da mai wannan tallafi ya biya bai wuce dala 4.90 ba a maganin gama-gari, 12.15 a mai sunan kamfani. Mai ciwon suga da hawan jini da ke shan ƙwayoyi iri biyar zai ji sauƙin tun watan farko. Ma'auninsa ya fi na tarayya na QI faɗi, saboda haka wanda aka ƙi a can ya nemi wannan shi kaɗai.

Inda nake jan kunne shi ne wajen dillalan inshora. Da zarar tsoho ya samu Medicare da Medicaid tare, waya za ta fara ruri ana tallata tsarin D-SNP na kamfanoni, da alkawarin gyaran haƙori da tabarau da katin sayen abinci. Wasu tsare-tsaren suna da amfani na gaske. Amma kamfanin ne ke zaɓar likitocin da za ka gani, kuma wasu ayyukan sai ya ba da izini tukuna. Kafin a yarda, a tabbatar likitan da tsohon ya saba da shi yana cikin jerinsu, magungunansa ma suna ciki. Shi kuma Medigap, inshorar kamfani da ke cike abin da Medicare bai biya ba, mai QMB ba ya buƙatarsa, don abin da zai biya an riga an biya. Masu zuwa gida su yi watanni su sani cewa Medicare ba ya biyan jinya a Nijeriya, Nijar ko Gana, kuma doguwar tafiya na iya taɓa cancantar tallafin jiha.

Kowace jiha tana da ofishin shawara kyauta da ake kira SHIP, a New York kuma HIICAP. Ba sa sayar da komai, kuma ana iya neman tafinta. A je musu da katin Medicare, wasiƙar fansho ta bana, takardun banki na watannin baya-bayan nan, katin zama, da kwalaben magungunan da tsohon ke sha.