Gargaɗi kan fastar Hajji ta bogi da ke yawo a zangunan Kumasi

Assalamu alaikum, 'yan'uwa na Aboabo da Sawaba da Asawase. Akwai wata fasta da ake turawa a WhatsApp tana tallar kujerar Hajji a farashi mai rahusa, kuma ina roƙonku kada kowa ya tura ko sidi ɗaya zuwa lambar da ke jikinta. Gwaggona, wadda ta yi shekaru tana tara kuɗi daga cinikin koko da ƙosai, ta tura musu kafin alƙalami, kuma tun daga ranar wayarsu take a kashe.

Sana'ata ce tsara fastoci da katunan biki da na Maulidi, saboda haka da ta nuna mini hoton na gane yadda aka ɗinka shi. An sa Ka'aba a tsakiya, an ɗora tambarin ƙasar Gana mai mikiya biyu da baƙin tauraro a sama, sannan aka zagaye gefen da ja da ruwan ɗorawa da kore domin ido ya ɗauka daga gwamnati ta fito. An rubuta farashin da manyan haruffa, an rubuta cewa kujerun sun kusa ƙarewa da jan launi, domin mutum ya yi gaggawa bai yi shawara ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ayar Alƙur'ani da aka jera a ƙasa, alhali sun san iyayenmu ba sa zargin takardar da ke ɗauke da sunan Allah. Duk wannan aikin, yaro mai waya da manhajar Canva zai gama shi kafin a kira sallar La'asar, don tambarin nan kwafo shi kawai ake yi daga intanet.

Ku duba abin da babu a jikinta. Babu adireshin ofis, babu sunan wakilin da hukumar alhazai ta amince da shi, sai lambar MoMo ta tura kuɗi ta waya kaɗai, kuma idan ka shigar da ita, sunan da ke fitowa kafin ka sa lambar sirri na mutum ɗaya ne, ba na kamfani ba.

Wasu irinsu kuma bizar ziyara suke samo wa mutum, wadda Saudiyya ba ta yarda a yi Hajji da ita ba. A Hajjin 2024 sama da mutum 1,300 suka rasu cikin tsananin zafi, kuma hukumomin Saudiyya sun ce kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji.

Wanda ya riga ya biya ya adana saƙon shaidar biyan, ya kai ƙara ofishin 'yan sanda, ya kuma kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta ƙasa. Ina kuma roƙon limamanmu su sanar da jama'a ranar Juma'a, domin yawancin iyayen da ake hari ba za su karanta wannan rubutun ba.