Kalmar sirri cikin kod ko izini a sudoers: wanne za ka ɗauka?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce manhajarka ta Python tana shiga sabar da Paramiko (laburaren Python na shiga sabar daga nesa ta SSH) lafiya lau, amma da ta zo kan `sudo systemctl restart nginx` (umarnin sake tayar da nginx, manhajar sabar yanar gizo, da ikon root, wato asusun da ke da cikakken iko a sabar) sai ta ƙi, sudo ya ce ba shi da inda zai karɓi kalmar sirri. Dalilin shi ne `exec_command` na Paramiko, mai aika umarni ga sabar, ba ya buɗe tamina (tagar rubuta umarni), shi kuwa sudo ta nan ya saba tambaya. Mafita biyu ce.

Ta farko, ka sa `sudo -S` don ya karɓi kalmar ta `stdin` (mashigar bayanai ta umarnin), sai ka tura ta daga kod. Cikin minti biyar an wuce wurin. Sai dai kalmar da ke buɗe ikon root gaba ɗaya ta koma zaune cikin fayil, gobe ta bi ka zuwa Git, ma'ajiyar kod. Idan kuma ka haɗa da `get_pty=True`, wanda ke buɗe tamina, tana iya fitowa cikin abin da sabar ta dawo da shi. Ni da idona na taɓa ganin tawa ɓaro-ɓaro a fayil ɗin rahoto, ranar ban kwanta ba sai da na canja ta a ko'ina.

Ta biyu ta fi cin lokaci, kuma ita nake ba ka shawara. Ka buɗe asusu na musamman, a ce `deploy`, mai shiga da makullin SSH. Sannan ka rubuta `visudo -f /etc/sudoers.d/deploy`, wato ka buɗe fayil ɗin sudoers inda ake rubuta izinin sudo, ka sa wannan layin:

`deploy ALL=(root) NOPASSWD: /usr/bin/systemctl restart nginx`

Ko da an sace makullin, iyakar ikon shugabanci da ɓarawo ya samu shi ne sake tayar da nginx. A kod ɗin ka yi amfani da `sudo -n`, don in izinin bai yi daidai ba ya faɗi nan take maimakon ya tsaya jira. Kada ka sa alamar tauraro (`*`) a layin, kada kuma ka ba da izinin `vim` ko `less` (manhajojin buɗe fayil), domin daga cikinsu ana iya zamewa a zama root. Sunan fayil ɗin ma kada ya ƙunshi ɗigo, sudo zai tsallake shi shiru, ka wuni kana neman matsala.

Shiga kai tsaye da root kuwa, ka bar shi. Tun OpenSSH 7.0 na 2015 tsarin asali ya hana root shiga da kalmar sirri. In sabobinka sun haura uku ko huɗu, koma Ansible, manhajar sarrafa sabobi da yawa a lokaci ɗaya, `become` ɗinsa zai ɗauke maka wannan aikin.