Hattara da masu sayar da tikitin jirgin ƙasa na ƙasashen waje a rabin kuɗi

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, domin abin da ya same mu ni da baffana ba abin daɗin faɗa ba ne. Amma makon jiya na sake cin karo da tallan mutumin da ya damfare mu da tikitin jirgin ƙasa a wani zauren WhatsApp na matafiya. Ya canja lamba, ya canja hoto, jama'a kuma sai tambayarsa farashi suke yi. Na ga idan na ja bakina na yi shiru, to da hannuna a cikin cutar da za a yi wa na gaba.

Bara ne na raka Baffa ganin likita a wata ƙasa ta Turai. Jirgin sama a babban birni yake sauka, asibitin kuwa yana can wani gari, tafiyar kusan awa huɗu a jirgin ƙasa. Saura kwana tara mu tashi na duba kuɗin tikiti na ga ya yi tsada ƙwarai, ga kuɗin magani da na masauki suna jira. Ana cikin haka sai ga tallan wani bawan Allah, wai yana da hanya a cikin ma'aikatan jirgin, yana samo tikiti a rabin kuɗi. Ya jero hotunan saƙonnin godiya daga waɗanda ya ce ya yi wa aiki. Na yi masa magana, ya amsa nan take, bakinsa kamar zuma, "ranka ya daɗe" a kowace jimla, har da yi wa Baffa addu'ar samun sauƙi. Ya karɓi sunayenmu da hoton fasfo, ya ce in tura kuɗi wani asusu mai sunan mutum. Ba a yi awa ɗaya ba ya turo mini takarda ta waya: tambarin kamfani a sama, sunana da na Baffa, ranar tafiya, lambar tarago, lambar kujera, ga kuma zanen nan mai ɗigo-ɗigo da ake haskawa da na'ura. Wallahi babu abin da zai sa mutum ya yi shakka.

Ranar tafiya muka shiga, muka sami kujerunmu, na gyara wa Baffa zama kusa da taga, na sa masa jakar magunguna a cinya. Jirgi ya yi kamar minti ashirin da tashi sai ga mai duba tikiti, wata mata mai furfura. Ta haska wayata, na'urarta ta yi wata 'yar ƙara. Ta sake haskawa. Sai ta juyo mini da fuskar na'urar, ta nuna mini da yatsa: an soke tikitin tun kwana uku da suka wuce, an mayar wa wanda ya saya kuɗinsa. Gumi ya karyo mini duk da sanyin da ke cikin taragon. Baffa ba ya jin abin da ake faɗa, fuskata kawai yake kallo. Ya ce, "Lafiya dai, ɗana?" Na ce, "Lafiya lau, Baffa, 'yar matsala ce a takarda." Mutanen da ke kusa duk sun juyo suna kallonmu. Matar ba ta wulaƙanta mu ba, amma doka doka ce: na sayi sabon tikiti biyu a farashi mafi tsada na wannan rana, aka haɗa da tara. Kafin mu kai tasha ta gaba na kira mutumin, ya riga ya toshe lambata.

Abin da ban sani ba a lokacin, wanda kuma shi ne dalilin rubutun nan, shi ne cewa takardar da ke cikin wayarka hoto ne kawai. Ainihin tikiti yana cikin kwamfutar kamfanin jirgi, a ƙarƙashin asusun wanda ya saya. Wanda yake riƙe da asusun da imel ɗin da aka yi cinikin da su, shi ke da iko da tikitin, ko da sunanka ne a rubuce. Wannan ɗan damfarar tikiti na gaske ya saya, irin mai tsadar nan da ake iya sokewa a karɓi kuɗi. Ya sauke takardar ya turo mini, ya jira kuɗina suka shiga, ya koma ya soke. Bai yi asarar komai ba, ni kuwa ina riƙe da gawar tikiti ina murna. Da na duba takardar a ranar da ya turo ta, da na same ta da rai, shi ya sa dabarar take cin mutane har masu wayo.

Wasunsu da katin banki na sata suke saye. Tikitin yana aiki har ranar da mai katin ya farga ya kai ƙara banki, sai a soke duk abin da aka saya da shi. Wannan ya fi muni, domin sunanka da ke kan tikitin shi ne zaren da za a fara bi idan bincike ya tashi, kai baƙo a ƙasar mutane, bizarka ta 'yan kwanaki. Akwai kuma masu sayar wa mutum biyar takarda ɗaya, suna goge suna su rubuta wani. Waɗannan saƙonnin godiya da suke nunawa, ko dai su suka rubuta abinsu, ko kuma na mutanen farko ne da aka bari suka wuce lafiya don su jawo wasu.

Kuma kada wani ya ɗauka mai duba tikiti zai ji uzuri. A Jamus, wanda aka kama ba shi da ingantaccen tikiti zai biya aƙalla yuro 60, kuma a dokarsu shiga jirgi da niyyar ƙin biya laifi ne da ake iya kai mutum kotu a kansa. A Ingila tun Janairun 2023 tarar ta koma fam 100 ban da kuɗin tikitin, sai dai a rage ta zuwa fam 50 idan an biya cikin kwana 21. "Wani ne ya saya mini" ba ta ɗauke maka ko ɗaya daga ciki.

Abin da ya fi ƙona mini rai daga baya shi ne gano cewa arahar gaskiya tana nan, ni ne na makara. Kamfanonin jiragen ƙasa masu dogon zango a Turai, irin su Deutsche Bahn a Jamus, SNCF a Faransa, Renfe a Sifen, Trenitalia da Italo a Italiya, suna fara sayar da tikiti watanni kafin ranar tafiya, kuma na farko-farko su ne masu sauƙi. Kujeru na cika, farashi na hawa. Wanda ya saya da wuri a shafin kamfanin kansa sau da yawa yakan biya abin da bai kai ma rabin da ɗan damfara yake ambata ba. Sharaɗin kawai shi ne irin wannan tikitin yakan ɗaure ka da jirgi guda a sa'a guda, in ya wuce ka shi ke nan. Saboda haka duk wanda ya ce maka yana da tikitin jibi a rabin kuɗi, alhali kamfanin da ya mallaki jirgin ba ya sayarwa haka, ka tambayi kanka daga aljihun wa ragowar take fitowa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ba ina cewa duk mai shiga tsakani ɓarawo ba ne. Akwai dillalai na halal da kowa ya sani, kamar Trainline da Omio da Rail Europe, masu izini daga kamfanonin jirgi, wani lokaci su ɗora ɗan ladansu a kai. Bambancinsu da mutumina a fili yake. Kai da kanka kake shiga ka zaɓa, da katinka kake biya, saƙon tabbatarwa yana zuwa imel ɗinka da lambar ajiya, wato lambar da kamfani ke gane tikitinka da ita, kuma kai kaɗai ke iya canjawa ko sokewa. Biya da kati yana da wata fa'ida: in an cuce ka, kana da ƙofar kai ƙorafi bankinka ya bi maka kuɗin. Kuɗin da ka tura da hannunka zuwa asusun wani mutum kuwa da wuya su dawo. Nawa ba su dawo ba.

Yadda za ka karɓi tikitin ma abin lura ne sosai, domin kowace ƙasa da tsarinta, kuma a wannan duhun 'yan damfara suke fakewa. Mafi aminci a wurina shi ne tikitin da ya shiga manhajar kamfanin a wayarka, ƙarƙashin asusun da ka buɗe da kanka, domin in an taɓa shi za ka gani nan take. Ka kuma buga shi a takarda ka ajiye, saboda caji yakan ƙare, intanet yakan ɗauke a hanya. A Jamus tikitin intanet da sunan mutum yake, ana iya neman fasfo a gwada. A Birtaniya akwai tikitin da ake karɓa a na'urar tasha da wata lamba, kuma sau da yawa na'urar tana neman katin da aka biya da shi, to in katin wani ne can wata duniya, ka tsaya ke nan a gaban na'ura da kayanka. A Chaina ana ɗaure tikiti da lambar fasfo, fasfon shi kake nunawa a ƙofa, shafin hukumarsu kuma 12306 ne, don haka wanda ya ce zai sayar maka da nasa tikitin saboda ya fasa tafiya, ƙarya yake yi maka. A Italiya tikitin takarda na ƙananan jirage sai ka soka shi a 'yar na'urar da ke tasha ta buga masa hatimin lokaci kafin ka hau, in ba haka ba tara ce ko da da kuɗinka ka saya. Wanda ya ce zai aiko maka tikiti ta gidan waya zuwa otal ɗinka bayan ka biya, rabu da shi.

Sai shafukan bogi. Idan ka rubuta sunan jirgi a Google, abin da ke fitowa a can sama sau da yawa talla ne da aka biya, kuma wasu shafukan sun kwaikwayi launi da tambarin kamfani tsaf, harafi ɗaya ko biyu kawai suka canja a adireshin. Wasu za su ba ka tikiti na gaske amma su ninka kuɗi, wasu lambobin katinka suke so. Masu zuwa Umara su kula da wannan musamman. Jirgin Haramain mai gudu, wanda ya fara aiki a 2018 tsakanin Makka da Madina ta Jidda, kimanin kilomita 450, kujerunsa kan yi wuya a lokacin cunkoso, kuma lokacin ne masu cewa "akwai ragowa a hannuna" suke fitowa. Yana da shafinsa da manhajarsa, akwai kuma wurin sayar da tikiti a tashoshinsa.

A bakin tasha ma akwai su. Babbar tashar New Delhi a Indiya ta yi suna da wannan: mutum zai tare ka da shiga ta kamala, wani har da kati a wuya, ya ce ofishin tikitin baƙi a rufe yake ko an soke jirginka, ya sa ka a mota zuwa wani shago inda za a tatse ka. Kada ka tsaya, ka wuce ciki ka gani da idonka. Dokar jiragen ƙasa ta Indiya ta 1989 ta haramta cinikin tikiti ba da izini ba, hukuncin har ɗaurin shekara 3. Haka masu tallan katin yawo na Turai da rahusa: Interrail na mazauna Turai ne, Eurail na waɗanda suka zo daga waje, in an sayar maka da wanda ba naka ba, bai da amfani a hannunka. Ko na gaskiyar ma ba ya hana ka biyan kuɗin kama kujera a jirage masu gudu irin su Eurostar ko TGV, abin da mai talla ba zai faɗa maka ba.

In ka riga ka biya irin wannan mutum kuma ba ka tafi ba tukuna, ɗauki lambar ajiyar da ke kan takardar ka shigar a shafin kamfanin yau, ka sake dubawa daren tafiya, ko ka kai kanta a tasha su duba maka kafin ka hau. Sanar da bankinka, ka adana duk saƙonninku da shaidar biya. In ka tura masa hoton fasfo kamar yadda na yi, ka sa ido, domin wanda ya ci kuɗinka ba zai ji kunyar amfani da sunanka ba. Wannan shi ne abin da ya fi hana ni barci har yau, fiye da kuɗin.

Mutumin da nake magana a kai yana nan yana yawo a zaurukan matafiya da na ɗalibai masu karatu a waje. Lambarsa takan canja, amma kalamansa ba sa canjawa: yana da ɗan'uwa a cikin ma'aikata, kujera biyu ce ta rage, a tura kuɗi kafin awa ɗaya, kuma kada a faɗa wa kowa don kar a kori yaronsa daga aiki. Na tura wa masu kula da zauren da na gan shi hotunan hirarmu da takardar da aka soke, sun cire shi. Don Allah wanda yake da ɗan'uwa mai shirin tafiya, musamman mai rakiyar mara lafiya ko tsoho, ya tura masa wannan kafin ya biya kowa.