Wata uku da agogon auna ƙarfin baƙin mai: abin da na gani

Jar fitilar nan mai hoton buta tana ɗigo ta fara yi mini ƙifce ne idan injin ya ɗau zafi sosai na tsaya a sulo. Ina taɓa totur sai ta ɗauke. Da safe kuwa lafiya lau, in ban da kawowar da take yi idan an murɗa makulli kafin a tayar, wannan kuwa ƙa'idarta ce. Na zaro geji na goge na mayar, na sake zarowa, mai yana tsakanin layukan biyu, ya ma fi kusa da na sama. Ƙasan motar a bushe, salansa ba ta hayaƙi.

Bakanike na farko ko leƙa injin bai yi da kyau ba ya ce, "Oga, suwic ne, haka suke yi." Aka sa sabo. Kwana huɗu danja ta dawo. Na biyu ya ce in juye man 5W-30 ɗin da littafin motar ya ce, in zuba 20W-50, wai mai kauri shi ke rufe mata baki. Bai yi ƙarya ba, zai iya rufe mata baki. Ni dai ba bakinta ne ya dame ni ba, so nake in san ko gaskiya take faɗa.

Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, a galibin motoci wannan fitila ba ruwanta da yawan man da ke cikin injin. Ƙarfin da famfo ke tura man da shi take kallo, kuma ko shi ɗin ba aunawa take yi ba. Suwic ɗin da ke jikin injin yana kunna ta abu biyu kawai ya sani, a kunne ko a kashe, kuma ba ya kunna fitila sai ƙarfin ya faɗo ƙasa ƙwarai, wajen psi 5 zuwa 10 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin turawar), gwargwadon motar. Ke nan injin zai iya daɗewa yana aiki da raunin mai fitila na shiru. Shi ya sa na sayi agogon gwaji, irin wanda ake kwance suwic a ɗaura a gurbinsa, man da kansa ya bi tiyo ya tura allura, babu waya babu kwamfuta a tsakani.

A cikin akwatin roba ya zo: agogo guda, tiyo da bai kai mita ɗaya da rabi ba, da kawunan tagulla goma masu zare iri-iri. A nan na fara cin karo da matsala, kuma ita ce babban ƙorafina. Kawunan ba a rubuta komai a jikinsu ba. Akwai zare biyu da ido ba ya rabawa, 1/8 NPT da 1/8 BSPT. Na farko zare 27 ne a inci ɗaya, na biyu 28, kuma yawancin injinan Japan na biyun suke amfani da shi, yayin da motocin Turai da dama ke da zaren mita irin M10x1 ko M12x1.5. Na ɗauki wanda nake zaton shi ne, ya shiga zagaye biyu da hannu sannan ya cije. Da na sa sifana na danne shi, da na ɓata zaren jikin injin, gyaran da ya fi abin da ya kawo ni wahala. Sai na dakata, na ɗauko tsohon suwic na riƙa haɗa zarensa da na kowane kai ina ɗagawa a haske, har na sami wanda suka kwanta da juna babu rata. Wanda ya yi daidai da hannu yake shiga sumul. Takardar bayanin da ke cikin akwatin ko ambaton wannan ba ta yi ba.

Tiyon ma gajere ne. Ba ya kaiwa gilashin gaba balle mutum ya riƙa kallon allura daga kujerar direba, dole sai da mutum biyu, ɗaya a totur ɗaya a gaban bonet. Ga shi kuma suwic ɗin motata yana can ƙasa kusa da filta, sai da na ɗaure tiyon da waya don kada ya taɓa bututun hayaƙi ya narke.

Da aka tayar injin yana sanyi, allura ta haura psi 60. Ƙanina da ke totur har ya fara murna. Na ce masa ya yi haƙuri, mai sanyi kauri gare shi, ko gajiyayyen injin zai nuna ƙarfi da safe. Muka bar shi har fanka ta kawo ta ɗauke sau biyu, muka ƙara masa minti goma sha biyar, domin baƙin mai ya fi ruwan lagireto jinkirin ɗaukar zafi. Ina tsaye ina kallon allurar tana sulalewa: 40, 25, 15, har ta zauna tana rawa tsakanin 6 da 7. A juyin inji 2,000 a minti ta kai wajen 20, a 3,000 ta tsaya kusa da 30. Akwai tsohon lissafin da bakanikai ke yi, psi 10 ga kowane juyi 1,000, amma wannan ƙiyasi ne kawai, adadin da kamfanin motar ya rubuta shi ne hujja. Abin da na tabbatar a wannan rana shi ne suwic ɗin da aka cire mini lafiyarsa ƙalau, fitila ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, kuma na yi sati uku ina yawo a haka.

Karanta ƙasan ma'aunin sai da ƙyar. Fuskar agogon ta kai psi 140, don haka daga sifili zuwa 10, inda duk maganar take, bai fi faɗin farce ba. Allurar kuma ba ta cikin ruwan da ke hana ta karkarwa. Da zan sake saye, wanda ya tsaya a 100 zan nema, ko ma ƙasa da haka, mai ruwa a ciki. Ya dai zo da wani ma'aunin mai suna bar a layin ciki, abin da ya yi mini amfani tunda littafin motata da bar yake magana, bar ɗaya kuwa psi 14.5 ne.

Agogo ya ce ƙarfi ya yi ƙasa, amma bai ce ga dalili ba, kuma kada kowa ya saye shi da wannan tsammani. Yana dai rage hanyoyi. Idan ƙarfi yana da kyau a sulo amma ya faɗi in an ba da wuta, hankali ya fi karkata ga rariyar da ke bakin bututun tsotso a cikin kaskon mai, wataƙila dauɗa ta toshe ta. Idan kuwa a sulo yake mutuwa da zafi ya farfaɗo da totur, irin nawa, to ko mital, wato ƙarfen da sandar injin ke juyawa a kansa, ya ci ya buɗe rata, ko famfo ya gaji, ko bawul ɗin rage ƙarfi ya maƙale a buɗe, ko fetur ya gauraya da man ya tsinke shi. Na shinshina geji, babu warin fetur. Saura uku, kuma mital nake tsoro.

Bakanike na uku, dattijo ne mara yawan magana, ya karɓi takardar da na rubuta lambobin ya duba, ya ce, "To, yanzu ka zo da magana." Ya kwance filta ya yanka ta, ya ware takardar cikinta a rana muna duba ko za mu ga ƙyalli-ƙyallin ƙarfe. Babu. Ya sauke kasko, rariya da 'yar dauɗa amma ba ta toshe ba. Ya buɗe mital biyu, fuskarsu sumul. Da ya kwance famfo sai ga bawul ɗin ya cije bai koma mazauninsa ba, jikin famfon kuma duk zane. Aka sa sabon famfo da filta, aka zuba 5W-30 ɗin nan dai. Muka sake ɗaura agogona kafin a mayar da suwic: psi 19 a sulo da zafi, 48 a juyi 3,000.

Na'urar karanta kwamfutar mota da nake da ita ba ta nuna komai ba duk tsawon lokacin nan, domin a motata wayar suwic ɗin fitila kawai take kunnawa. A motocin da ke da na'urar da ke auna ƙarfin man da gaske akan ga lambobin matsala daga P0520 zuwa P0524, amma ko su sai an tabbatar da agogo irin wannan.

Tun daga lokacin na ara wa mutum biyu. Ɗaya allura ta nuna masa ƙarfi lafiya, ashe wayar suwic ɗinsa ce ta goge tana taɓa bodi. Ɗayan ya dawo mini da shi robar bakin tiyon ta fara tsattsafo da mai, bayan amfani na huɗu kacal. Na canza robar, na kuma ɗauki ƙusa na karce wa kowane kai sunan zarensa a jiki.