Cumulase: abin da na gani tun da muka fara wanke ƙwai da shi

Ranar da na gaya wa maigidan wata mai jinya a wurinmu cewa ruwan da za mu wanke ƙwan matarsa da shi, wato Cumulase, an kwaikwayo shi ne daga wani furotin na maniyyin ɗan adam, wallahi nan take fuskarsa ta canza, ya gyara zama ya ce, "Hajiya, maniyyin wa?" Na ce Alhaji kwantar da hankalinka, babu na kowa a ciki. Kuma gaskiya ban ga laifinsa ba, maganar nasaba ce, dole mutum ya tambaya.

Toh ga yadda abin yake. Idan aka ciro ƙwai daga jikin mace ba ya fitowa tsirara, yana zuwa ne lulluɓe da wasu ƙananan ƙwayoyi kamar an naɗe shi da auduga, wani abu mai yauƙi ne ya riƙe su. Shi kuma ɗan maniyyi Allah ya sa masa wani furotin a kansa, PH-20 ake ce masa, aikinsa narkar da wannan yauƙin don ya samu hanyar wucewa. To mu a aikin ICSI, wanda ake ɗaukar ɗan maniyyi guda ɗaya tak a tsira shi cikin ƙwai da allura, aikin da aka fara samun haihuwa da shi a Beljiyam a 1992, dole sai mun yaye wannan lulluɓin tukuna mu ga ko ƙwan ya nuna, in ba haka ba me za ka tsira wa allura?

Da can, har ma yanzu a wurare da yawa, sinadarin da ake tatsowa daga marainan bijimai ake amfani da shi. Yana aiki, ba zan yi masa ƙarya ba, na daɗe ina aiki da shi. Amma fa ba shi kaɗai ba ne a cikin kwalbar, akwai sauran furotin na dabba da suke biyo shi, shi ya sa kullum kana yi kana kallon agogo gabanka na faɗuwa kar ƙwan baiwar Allah ya wuce minti ɗaya a ciki, ga shi wannan zubin ya yi ƙarfi wancan ya yi sanyi. Shi kuwa Cumulase kamfanin Halozyme da ke San Diego a Amurka ne ya ƙirƙiro shi, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a 2005. Sun ɗauki tsarin halittar PH-20 ɗin ne suka sa cikin ƙwayoyin wani irin ɓera da ake kira hamsta, waɗanda ake rainonsu a ɗakin gwaji, su ne suke ƙera furotin ɗin sannan a tace shi. Wato ba a karɓo maniyyi daga wurin wani namiji ba, kuma furotin ne kawai, ba ya ɗauke da gadon halittar kowa, yana gama aikinsa muke ɗauraye ƙwan. Abin da na zauna na yi wa Alhaji bayani ke nan har ya ce bismillah a ci gaba.

Abin da ya fi burge ni, a hankali yake aiki. Ka saka ƙwai cikin ɗigon a kan faranti mai ɗumi digiri 37, kana leƙawa ta madubi za ka ga audugar nan tana sakwarkwacewa tana zubewa gefe, sai ka bi da siririn bututu ka ɗan zuƙa ka saki sau kaɗan, shikenan ƙwan ya fito fes kana ganin ɗan ƙullutun nan na gefe da ke nuna ya nuna. Farkon zuwansa har na ɗauka bai da ƙarfi saboda na saba da na shanu mai saurin ci, ashe haƙuri kawai yake so. Kuma kwalbar wannan watan da ta wancan watan halinsu ɗaya, wannan ba ƙaramin kwanciyar hankali ba ne ga mai riƙe da ƙwai biyar ko shida na matar da ta shekara goma tana jira.

Amma don Allah kar wani ya ce maka maganin rashin haihuwa ne. Binciken da aka yi ma bai zo ɗaya ba, wasu sun ga ƙwai sun ɗan fi kamawa, wasu sun ga kusan daidai yake da na shanu. Ƙwan da bai da inganci wanki ba zai gyara shi ba.

Inda yake ba ni wahala kuɗi ne da sanyi. Da dala ake sayo shi, ya fi na shanu tsada, kuma a ƙarshe kan marasa lafiya nauyin yake sauka, abin yana damuna sosai. Sannan firiji yake so tsakanin digiri 2 zuwa 8. Akwai lokacin da wani dillali ya kawo mana kwali bayan ya kwana biyu a filin jirgi, na buɗe na tarar ƙanƙarar ciki ta zama ruwa zalla, yana ta rantsuwa wai lafiyarsa lau. Ban taɓa ko kwalba ɗaya ba, na mayar masa da kayansa, satin nan da na shanu muka yi aiki. Tun daga ranar duk kwalin da ya shigo a gaban mai kawowa nake buɗe shi, in duba ma'aunin sanyin da ke ciki kafin in sa hannu a takarda.